Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Wa Zai Ɗauki Nauyin Magidancin Ɗalibi?

A bakin tekun Libreville, babban birnin Gabon, akwai tsohuwar tashar jiragen ruwa da ake kira Port Môle. Manyan jiragen kaya sun daɗe da komawa Owendo, amma har yau daga nan fasinjoji da ƙananan 'yan kasuwa ke hawa jirgi zuwa Port-Gentil, birnin man fetur da aka fi shiga ta ruwa ko ta sama. Tasha irin wannan tana ciyar da bakuna da yawa: 'yan dako, masu rubuta rasit, masu gadi, direbobin tasi, masu abinci, dillalan kaya. Akwai 'yan ƙasa, akwai baƙi daga Afirka ta Yamma, kuma ba a rasa mai jin Hausa a birnin. Hausawa sun fi shekara 100 da zama a garuruwan arewacin Gabon irin su Oyem da Bitam, wasu kuma daga baya suka zo daga Nijar da Nijeriya da Kamaru, suna neman halaliyarsu a kasuwanni kamar Mont-Bouët.

Mu ƙaddara ɗaya daga cikin masu ci daga wannan tasha magidanci ne ɗan shekara 34, yana da mata da 'ya'ya uku. Shi ke riƙe wa wani attajiri littafin shiga da fitar kaya. Lissafi yana kansa, amana kuma an shaide shi da ita, sai dai ba shi da takardar da za ta sa wani kamfani ya ɗauke shi akanta. Yana son ya shiga ajin yamma ya karanci lissafin kuɗi, rana kuma ya ci gaba da neman abin sa wa a baka. Wa zai taimaka masa da kuɗin makaranta? A Libreville, da Kano, da Maraɗi, amsar kusan ɗaya ce: kansa. Wannan ita ce matsalar da nake ganin mun daɗe muna kau da kai daga gare ta.

Ranar da aka mayar da shekarun haihuwa ƙofa

Gabon ƙasa ce mai arzikin mai, mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, kuma ta daɗe tana biyan ɗalibanta alawus na karatu ta hannun hukumar tallafin karatu ta ƙasa, ANBG. Da farashin mai ya faɗi a 2014 aljihun gwamnati ya yi zafi, har ta kai ga karɓar rance daga asusun IMF a 2017. A 2019 sai aka fito da sabon sharaɗi: wanda zai sami tallafin shiga jami'a kada ya wuce shekara 19, kuma ya ci aƙalla maki 12 cikin 20 a jarrabawar Bakaloriya. A watan Afrilun shekarar 'yan sakandare suka cika titunan Libreville da wasu garuruwa, har gwamnati ta dakatar da karatu a faɗin ƙasar, daga baya kuma ta sassauta sharuɗɗan.

Dalilin fushin yaran a fili yake. Gabon na cikin ƙasashen da maimaita aji ya yi yawa, ga yajin aikin malamai, ga cunkoso a azuzuwa. Ɗan talaka da ya fara makaranta a makare, ko ya rasa shekara ɗaya saboda rashin lafiya, da wuya ya gama sakandare yana da 19. Amma abin lura shi ne, duk ja-in-jar da aka yi a kan inda za a ja layin ne, a 19 ko gaba kaɗan. Mai shekara 34 ba ya cikin zancen tun farko. In kuwa baƙo ne mai katin zama, to magana ta ƙare, domin tallafin gwamnati na 'yan ƙasa ne.

Wannan tunani ba na Gabon ba ne kaɗai. Kusan duk tsarin tallafin karatu a ƙasashenmu an ɗinka shi ne a jikin mutum guda: saurayi ko budurwa da suka fito daga sakandare kai tsaye, ba aure, ba aiki, suna zaune a ɗakin kwanan ɗalibai daga Litinin zuwa Juma'a. Duk wanda rayuwarsa ta bi wata hanya, rigar ba ta shigarsa.

Nauyin da babba ke ɗauka

Mutane na cewa ai mai aiki yana da albashi, ya biya wa kansa mana. Wanda ke faɗin haka bai zauna ya ƙirga abin da karatun ke ci ba.

Na farko akwai kuɗin makaranta. A jami'o'in gwamnati a Nijeriya shirye-shiryen ƙarshen mako da na yamma da na lokacin hutu su ke ɗaukar nauyin kansu, har ma jami'a na kallonsu a matsayin hanyar samun kuɗin shiga. Saboda haka sau da yawa ɗalibin irin wannan shiri yana biyan fiye da abin da ɗan uwansa na cikakken lokaci ke biya, kuma shekarunsa na karatu sun fi yawa.

Na biyu akwai abin da yake rasawa. Tela da ya rufe shago ranar Asabar, ko ɗan adaidaita sahu da ya ajiye mashin don ya shiga lacca, ya yi asarar cinikin wuni, kuma cefanen gida ba ya jira.

Na uku akwai ƙananan kashe-kashe da ba a rubuta su a takardar ɗaukar ɗalibi: kuɗin mota, data, buga takardu, cajin waya, wurin kwana lokacin jarrabawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya ajiye karatu. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma duk mai iyali ya san kwana nawa yake yi a hannu.

A dubi malamar firamare daga wani ƙauye da ke zuwa Zariya karatun dogon hutu don ta mayar da NCE ɗinta digiri. Takan iso da jariri a baya, da ƙanwarta mai raino, da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da risho a cikin buhu. Da rana tana aji yarinyar na zagaye da jaririn a gindin bishiya, in ya yi kuka a miƙo shi ta taga. Da dare ta yi bitar darasi da fitilar waya. Kuɗin rajistar kuwa daga adashe ta kwaso, wani lokaci da kuɗin tunkiyar da ta sayar. Wannan baiwar Allah yara 60 ko fiye ke jiranta a aji in an koma hutu, kuma duk abin da ta ƙaru da shi a kansu zai sauka. Duk da haka ba ta cikin lissafin kowace hukumar tallafi.

Al'adar da muka gada

Abin mamaki shi ne karatun manya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar zaure tun asali ta masu sana'a ce. Ɗan kasuwa ya ɗauki darasin fiƙihu bayan Asuba kafin ya buɗe rumfa, maƙeri ya zo tsakanin Magariba da Isha, kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya, ba wanda ake tambaya shekarunsa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda matan da ake kira jaji ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan aure a ƙauyukansu. Karatu daga nesa ke nan tun kafin a san rediyo.

A zamanin boko ma an yi ƙoƙari. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976 domin malamai su ƙaro ilimi ba tare da sun bar aji ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da shirin dogon hutu, ga kuma cibiyarta ta karatu daga nesa. Jami'ar Bayero na da makarantar ci gaba da ilimi mai ba da digiri ga masu aiki. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, Shugaba Shehu Shagari ne ya kafa ta a 1983, mulkin soja ya dakatar da ita a 1984, Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Obasanjo kansa bayan ya sauka ya zama ɗalibinta, ya kai ga digirin digirgir yana da kimanin shekara 80.

Ke nan ƙofofin shiga suna nan, an gina su. Abin da ba a gina ba shi ne hanyar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biyan kuɗin shiga.

Inda kuɗin tallafi ke tafiya

Babban sauyin da aka gani a Nijeriya shi ne asusun ba ɗalibai lamuni, NELFUND. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar farko a Yunin 2023, aka sake ta a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Asusun na biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Bashin ba shi da ruwa, wanda babban sauƙi ne ga Musulmin da ke gudun riba. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu.

Tsari ne mai kyau, ya kuma ceci karatun yara da yawa. Amma a dubi inda aka ɗaura agogon biyan bashin: bautar ƙasa. Wanda ya gama digiri ta shirin da ba na cikakken lokaci ba, ba a kiransa bautar ƙasa, takardar keɓewa ake ba shi. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa shi ma an ɗauke masa. Wannan kaɗai ya nuna wanda masu tsara dokar ke hange lokacin da suke rubuta ta.

Sauran hanyoyin ma kowace da mutanenta. Hukumar TETFund, da aka kafa a 2011 a kan harajin ilimi da kamfanoni ke biya a lokacin, tana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu su yi digiri na biyu da na uku. Ma'aikacin gwamnati yana iya samun hutun ƙaro ilimi da albashi in an amince masa. Asusun horar da ma'aikata, ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi daga kamfanonin da suka kai wani mizani, yana mayar musu da har rabi in sun horar da ma'aikatansu. Hukumomin sukolashif na jihohi kuwa hankalinsu na kan ɗaliban cikakken lokaci. To ina ɗan kasuwar Kantin Kwari, da mai gyaran waya a Farm Centre, da malamin makarantar kuɗi, da matar da aka aurar tana aji biyar na sakandare, yanzu 'ya'yanta sun tasa tana son ta zama ungozoma? Mafi yawan mutanenmu a irin waɗannan sana'o'i suke, kuma babu taga ko ɗaya da aka buɗe dominsu.

Darasi daga Birtaniya da Faransa

Kada a ɗauka cewa da an ba manyan ɗalibai bashi shi ke nan. Ingila ta gwada. Birtaniya ce ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1969, wadda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. A 2012 a Ingila aka ninka kuɗin jami'a zuwa fam 9,000 a shekara, na masu karatu suna aiki aka ƙayyade shi a fam 6,750, aka kuma buɗe musu rancen kuɗin makaranta. An zaci rancen zai toshe giɓin. Tsakanin 2010 da 2015 yawan masu shiga irin wannan karatu a Ingila ya faɗi da kusan rabi. Da yawa ba su cika sharuɗɗan rancen ba, musamman masu wata takardar da ke son sauya fanni. Waɗanda suka cika kuma suka ji tsoro, domin mai iyali da bashin gida ba ya kallon sabon bashi yadda ɗan shekara 18 ke kallonsa. Musulmin ƙasar ma an yi musu alkawarin rance marar ruwa tun 2013, shekara fiye da 10 ta shuɗe ba a fara ba.

Yankin Wales ya bi wata hanya. Daga 2018 ya fara ba masu karatu suna aiki tallafin ɗawainiya wanda ba a biya, gwargwadon yawan darussan da mutum ya ɗauka da kuma ƙarfin gidansa. Yawan masu shiga ya ƙaru. Faransa kuwa, wadda Gabon da Nijar suka gaji tsarin karatunta, tana buɗe wa kowane ma'aikaci asusun horo da ake zuba masa yuro 500 a shekara har ya kai 5,000, ya kashe a kan kwas ɗin da aka amince da shi. Tun 2002 kuma tana da dokar da ke ba mutum damar a auna gogewarsa ta aiki a ba shi takardar shaida a kanta. Ba mu da kuɗin waɗannan ƙasashe, amma darasin bai buƙatar arziki kafin a gane shi: abin da ke dawo da babba aji shi ne farashi mai sauƙi, da biya kaɗan-kaɗan, da ɗan abin da zai rufe asarar ranar da bai fita nema ba.

Hujjar masu ja da baya

Akwai masu cewa a ƙasar da miliyoyin yara ba sa zuwa makaranta, kashe kuɗi a kan mai gemu almubazzaranci ne. Maganar na da nauyi, kuma ba na raina ta. Sai dai yaron da aka kai makaranta malami zai tarar, kuma malamin nan shi ne babban da muke magana a kansa. A 2017 Jihar Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya nuna girman ramin da ke cikin ilimin waɗanda ke koyarwa, kuma ba a cike irin wannan rami sai da ƙaro ilimi a bakin aiki. Haka uwar da ta koma makaranta da wuya ta yarda a cire 'yarta daga aji.

Wasu na cewa manya kan fara su watsar. Gaskiya ne ana samun haka, kuma galibi dalilin kuɗi ne: haihuwa ta zo, ko rashin lafiya, ko kuɗin haya, sai a jingine zango ɗaya, daga nan a daina. Tallafi ƙarami a daidai wannan gaɓa shi ke raba wanda ya gama da wanda ya bari.

Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba. Babban da ya yi karatu yana aiki ba ya shiga layin neman aiki, yana da shi tuni. Ba ya barin garinsu, domin iyalinsa da sana'arsa suna nan. Abin da ya koya ranar Asabar, ranar Litinin yake aiki da shi. Ta fuskar biyan bashi ma shi ne mafi sauƙin samu, tun da an san inda yake karɓar albashi ko inda rumfarsa take.

Abin da ya kamata a yi

Gyara na farko na doka ne. A ambaci ɗalibin yamma da na ƙarshen mako da na nesa da sunansu a dokokin tallafi, a auna abin da za a ba mutum da yawan darussan da ya ɗauka da halin gidansa, a daina auna shi da ranar haihuwa. In ɗalibin cikakken lokaci na samun 20,000, mai ɗaukar rabin darussa ya sami rabi. Lokacin fara biyan bashi kuma a ƙirga shi daga ranar kammalawa. A Gabon da Nijar, inda alawus ɗin ɗalibai ke cin kaso mai tsoka, ware ɗan yanki domin masu dawowa karatu ba zai rushe baitulmali ba.

Na biyu yana hannun makarantu. NOUN na karɓar kuɗi ne bisa kwas-kwas ɗin da ɗalibi ya yi rajista, wanda ke ba mutum damar ɗaukar abin da aljihunsa zai iya. Sauran su yi koyi, su yarda a biya kashi-kashi, su kuma adana wa ɗalibi sakamakonsa in lalura ta sa ya tsaya shekara ɗaya ko biyu. Ɗaki guda na raino kusa da ajin mata zai riƙe ɗalibai fiye da dogon jawabi a ranar yaye.

Na uku na iyayen gida ne. Attajirin da yaronsa ya yi masa shekara 10 yana tsare masa dukiya, ya sake shi da wuri kwana biyu a mako, ya biya masa rabin rajista. Mun saba da sallamar yaro da jari, kuma takardar shaida ma jari ce.

Na huɗu namu ne gaba ɗaya. Kano da Sakkwato da wasu jihohi na da hukumomin zakka da waƙafi, kuma malamai da yawa sun halatta a ba ɗalibi mabuƙaci zakka. Waƙafi ne ya riƙe jami'ar Azhar ɗaruruwan shekaru, har da masaukin ɗaliban Barno a cikinta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na tsofaffin ɗalibai, da zumuntar Hausawa mazauna Libreville ko Kumasi ko Jidda, duk suna tara kuɗi in an yi rasuwa ko gobara. Za su iya buɗe asusun rance marar ruwa wanda zai ɗauki mutum biyar a shekara, in sun biya a ba wasu biyar. Ga baƙon da ba ya cikin lissafin gwamnatin ƙasar da yake zaune, wannan ce ma hanyar da ta fi kusa.

Mun iya faɗin cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma mun yi imani da hakan. Abin da ya rage shi ne maganar ta shiga kasafin kuɗi. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a, duk shugaban jami'a, duk kwamitin masallaci ko na kasuwa da ke raba tallafi, a tambaye shi nawa ya ware wa wanda ya haura 30 yana son komawa aji. In amsar babu ce, a nemi ya sa adadi, ko da kaɗan ne, ya kuma faɗi ranar da za a fara.